BABI NA BAKWAI: SAYE DA HAYA A SUFURIN HAUSAWA, MISALI DAGA MOTA MAI AMFANI DA LANTARKI

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an tattauna a kan kasuwa da tsarin cinikayyar Hausawa, inda aka ga matsayin dillali da fatoma da madugu. A wannan babi kuwa za a waiwayi sufuri ta fuskar wata tambaya da ta daɗe tana fuskantar Bahaushe a duk lokacin da ya tashi kai kansa ko kayansa wani wuri, wato ko ya mallaki abin hawa, ko kuwa ya ɗauki hayarsa. An zaɓi mota mai amfani da lantarki a matsayin misali domin ita ce baƙuwar da ta shigo a baya-bayan nan, kuma tun daga shekarar 2023 da farashin fetur ya yi tashin gwauron zabo hankalin jama'a ya fara karkata gare ta. An kuma ɗauki yankin Dawakin Kudu da Kura da Bunkure a Jihar Kano a matsayin fagen nazari, saboda wuri ne da noman rani ya sa zirga-zirgar mutane da kaya ba ta yankewa rani da damina.

Ana fatan a ƙarshen babin ɗalibi zai iya bayyana tsarin saye da haya a sufurin gargajiya, ya bambance hanyoyin mallakar mota a yau, ya kuma fito da sababbin kalmomin da wannan baƙuwar fasaha ta kawo wa harshen Hausa.

7.1 Saye da Haya a Sufurin Gargajiya

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe ya dogara ne a kan jaki da takarkari da raƙumi da doki da alfadari, sai kuma 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka. Ba kowane falke ne ya mallaki dabbobin da ke cikin ayarinsa ba. Wani nasa ne, wani kuma na haya ne, shi ya sa kalmar "sufuri" kanta take ɗauke da ma'anar ɗaukar kaya a kan lada. Mai jakai yakan kai wa manomi taki gona, ko ya kwaso masa dammunan hatsi zuwa gida, a biya shi bisa yawan sawun da ya yi.

Dalilin da ya sa wani ke saye wani kuma ke haya a fili yake. Wanda ya sayi jaki ya ɗauki nauyin harawa da dusa da turke, kuma in jakin ya tsufa ko ya mutu asararsa ce. Wanda ya yi haya kuwa aikin jakin kawai ya biya. Saboda haka mai bukatar dabba kullum shi saye ya fi dacewa da shi, mai bukatarta lokacin kaka kaɗai kuwa haya ta fi masa sauƙi. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tsara hukunce-hukuncen wannan mu'amala a babin ijara da kira'i. Daga cikin ƙa'idojin da suka kafa akwai cewa dole a san ladan da za a biya da tsawon lokaci ko nisan tafiya, kuma wanda ya ɗauki haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai idan an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan ƙa'ida, domin za a sake cin karo da ita a gaba.

7.2 Shigowar Mota da Bayyanar Motar Lantarki

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, daga nan kuma motocin dakon kaya suka riƙa bin hanyoyin da jakai suka saba bi, musamman wajen kwaso gyaɗa. A shekarar 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kaduna. Bayan tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, sai motocin gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, suka mamaye kasuwa. A zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau aka shigo da babur mai ƙafa uku wanda ya ɗauki sunan shirin A Daidaita Sahu, ya kuma ƙara yaɗuwa bayan hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013. Duk waɗannan abubuwan hawa fetur ko gas suke sha.

Motar lantarki ba sabuwar ƙirƙira ba ce. A wajajen shekarar 1900 tana gogayya da mai fetur a biranen Amurka, sai dai arahar motar Ford ta 1908 da wadatuwar mai suka ture ta gefe. Ta sake farfaɗowa ne bayan an inganta batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayar salula. Kamfanin Tesla ya fitar da motarsa ta farko a 2008, Nissan kuma ya fitar da Leaf a 2010. A shekarar 2024 an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17 a duniya, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar na sababbin motoci, kuma mafi yawansu a ƙasar Sin. A nahiyar Afirka, ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024.

A Nijeriya, kamfanin Stallion ya harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas a ƙarshen 2020, aka kuma ƙaddamar da ita a Abuja a watan Fabrairun 2021. A lokacin Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya yi suna wajen zana motar Chevrolet Volt a Amurka, shi ke shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, wato NADDC. A 2021 hukumar ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya shahara wajen cire injin ƙananan motocin haya yana sanya musu batir. Babban abin da ya sauya lissafin jama'a shi ne janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000.

7.3 Yadda Motar Lantarki ke Aiki

Motar fetur tana ƙona mai ne a cikin inji domin ta sami ƙarfin juya taya. Motar lantarki kuwa tana tara wuta a cikin wani babban batir da aka shimfiɗa a ƙarƙashinta, wutar ce ke juya na'urar da ke tafiyar da tayoyin. Don haka ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai, kuma ba ta hayaƙi. Wannan ya sa hidimarta ta yau da kullum ta fi ta mai fetur sauƙi.

Ana auna wutar da batir ke ɗauka da ma'aunin da mitar gida ke ƙirgawa, wanda jama'a ke kira yunit. Kona da aka ambata tana da batir mai ɗaukar yunit 64, kuma kamfanin ya ce tana iya tafiyar kilomita 482 da caji ɗaya. Galibin ƙananan motocin lantarki suna cin yunit 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100. Idan aka jona mota da soket ɗin gida caji na iya ɗaukar fiye da yini guda, da na'urar caji ta bango yakan ɗauki dare ɗaya, a tashar caji mai sauri kuwa ƙasa da awa ɗaya ya isa a kai kashi 80 cikin ɗari.

Batir shi ne ran motar, kuma shi ne mafi tsada a jikinta, domin yakan kai kusan sulusin kuɗinta. Kamar batirin waya, ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, kuma zafi mai tsanani da yawan caji mai sauri suna gaggauta tsufansa. Wannan abin lura ne a ƙasar Kano inda zafin bazara ke haura digiri 40. Yawancin kamfanoni suna ba da lamunin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga cika, sai dai lamunin ba ya amfani idan babu wakilin kamfanin a ƙasar da motar take.

7.4 Hanyoyin Mallaka da Haya a Yau

Hanyoyi uku ne a gaban mai son hawa sabuwar motar lantarki.

7.4.1 Saye Kai Tsaye

A nan mutum ya biya kuɗi gaba ɗaya, ko kuma banki ya saya ya sayar masa da riba sananniya ya riƙa biya kashi-kashi, wato murabaha, kamar yadda bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa ke yi. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, shi ne na farko a irinsu. Amfanin saye shi ne mota ta zama dukiyar mai ita, ya je inda ya so, ya sayar lokacin da ya ga dama. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Illarsa kuwa ita ce tsufan batir da faɗuwar darajar mota duk a wuyansa suke. Darajar motar lantarki tana saurin faɗuwa saboda kowace shekara ana fito da wadda ta fi ta nisan zango a farashi mai sauƙi. Matsakaicin farashin yunit ɗaya na batir ya sauko daga fiye da dala 1,000 a 2010 zuwa ƙasa da dala 120 a 2024. Wannan alheri ne ga mai saye gobe, amma asara ce ga wanda ya saya jiya.

A nan ne ya kamata a fahimci abin da ake nufi da ƙirar shekara. Kamfanoni sukan fara sayar da ƙirar shekara mai zuwa tun watanni kafin ta kama, don haka shekarar da aka laƙaba wa mota ba lallai ta zama shekarar da aka ƙera ta ba. A motocin da aka yi domin kasuwar Amurka, harafi na goma daga cikin haruffa da alƙaluma 17 na lambar shasi shi ke nuna ƙirar: R na nufin 2024, S na nufin 2025, T kuma 2026. Mai saye ya duba wannan da idonsa kafin ya biya la'ada, ya kuma nemi sanin tsawon lokacin da motar ta yi a ajiye, domin batir yana tsufa ko ba a hau mota ba.

7.4.2 Haya ta Ƙayyadadden Lokaci

A Amurka da Turai mutum yakan ɗauki sabuwar mota na tsawon shekara biyu ko uku, yana biyan kuɗi duk wata, a ƙarshe ya mayar da ita. Abin da yake biya shi ne ƙimar darajar da motar ta rasa a hannunsa tare da ribar mai ita. Akan iyakance masa nisan da zai yi a shekara, in ya wuce ya biya tara. Masu hawa motar lantarki da yawa a can sun fi son wannan hanya, domin kafin batir ya fara gajiya mota ta koma hannun kamfani. A Nijeriya akwai dokar hayar kayan aiki ta 2015, amma galibi kamfanoni da ma'aikatu ne ke cin moriyar wannan tsari. Wannan shi ne daidai da hayar jaki a da: an biya aiki, an bar wa mai dabba tsufanta.

7.4.3 Haya Mai Ƙarewa da Mallaka

Wannan ita ce hanyar da Kanawa suka fi sani. Attajiri ko kamfani ya sayi babur mai ƙafa uku ya ba direba a kan farashin da ya ɗara na kasuwa, direba ya riƙa kai balas kullum ko duk mako, ranar da ya kammala biya abin hawa ya zama nasa. Akwai dokar da ta tsara irin wannan ciniki a Nijeriya tun 1965, bankunan Musulunci kuma suna da kwatankwacinsa, wato ijarar da ke ƙarewa da mallaka. Amfaninsa shi ne marar jari ya samu abin yi. Haɗarinsa a abin hawa mai lantarki kuwa shi ne direba na iya gama biya daidai lokacin da batir ya gaji, ya wayi gari da gangar jiki ba rai. Saboda haka wajibi ne a rubuta a takardar yarjejeniya, a gaban shaidu, wanda zai sauya batir idan ya lalace ba tare da sakaci ba. A ƙa'idar ijara da aka ambata a 7.1, muddin abu yana matsayin haya to babban gyara na mai shi ne.

Wasu kamfanonin baburan lantarki a Ruwanda da Kenya da Jamhuriyar Benin da Nijeriya sun raba gardama ta wata hanya: direba ya mallaki babur, batir kuma ya zauna mallakar kamfani. Idan caji ya ƙare sai ya je tasha ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke, ya biya kuɗin wutar. Wato an sayi jiki, an yi hayar rai.

7.5 Nazari a Kan Yankin Dawakin Kudu da Kura da Bunkure

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga ita ne ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin shirin noman rani na Kogin Kano a Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Ana noma shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa. Hanyar Kano zuwa Zariya ita ce jijiyar yankin: daga birni a wuce Kwanar Dawaki, a haye gadar Tamburawa, a isa Kura, sannan Kadawa da kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan.

Manomin wannan yanki ba baƙo ba ne ga lissafin saye da haya. Yakan ɗauki hayar gona na kaka ɗaya, ya yi hayar tarakta ranar huɗa, amma ya sayi injin ban-ruwa domin kullum yana bukatarsa. Irin wannan lissafi ne zai yi a kan motar lantarki, kuma abubuwa uku zai auna.

Na farko shi ne nisan tafiya. Daga Kura zuwa Kano kimanin kilomita 30 ne, Dawakin Kudu ma ba ta kai haka ba. Malamin makaranta ko direban haya da ke kai-komo tsakanin waɗannan garuruwa da kasuwar 'Yan Kaba ko Dawanau, caji ɗaya ya ishe shi wuni. Dakon kwandunan tumatir zuwa Legas kuwa, tafiyar kusan kilomita 1,000, har yanzu aikin manyan motoci masu shan gas ne, domin wuraren cajin jama'a ƙalilan ne a ƙasar, galibinsu a Legas da Abuja.

Na biyu shi ne inda wutar za ta fito. A ɗauka, a matsayin misali, mota tana yin kilomita 100 a rana. Mai fetur ta sha lita 8, idan lita tana naira 900 an kashe naira 7,200. Mai lantarki ta ci yunit 16, idan an lissafa a kan naira 225, farashin da aka yanka wa masu layi na ɗaya a watan Afrilun 2024, an kashe naira 3,600, wato rabi. Amma layi na ɗaya, wanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, na wasu unguwannin birni ne da masana'antu, ƙauyuka ba su cika samunsa ba. Idan kuma aka koma ga ƙaramin janareta, lita ɗaya ba ta cika ba da fiye da yunit biyu ba, ke nan za a ƙona lita 8 ko fiye kafin a sami yunit 16, ribar ta tafi. Ba a kuma manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Abin da yankin ke da shi a wadace shi ne rana. Farantin sola mai wat 500 yakan ba da kimanin yunit biyu a wuni, don haka faranti takwas zuwa goma na iya ciyar da motar misalinmu. Sai dai kuɗin farantan da na'urorinsu ya hau kan kuɗin mota, kuma dole motar ta tsaya da rana ko a tanadi wani batir na ajiya.

Na uku shi ne gyara. Kanikawan da ke bakin hanya sun ƙware a kan inji, amma batirin mota yana ɗauke da wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt wadda ke iya kisa, ba a taɓa shi sai da horo da kayan aiki na musamman. Ƙurar hunturu da ruwan da ke kwanciya a hanyoyin gona lokacin damina su ma abin lura ne, tun da batirin a ƙasa yake.

Daga waɗannan za a iya cewa mai wadata da ke da sola a gida, wanda tafiyarsa gajera ce kuma ta kullum, saye na iya yi masa riba. Direban da ke neman abincin yau da gobe kuwa, tsarin da ya bar batir a wuyan kamfani ya fi masa aminci. Ƙungiyoyin manoma ma na iya haɗa kuɗi su kafa rumfar caji guda, kamar yadda suke tarayya a kan magudanar ruwa.

7.6 Sababbin Kalmomi

Kowane baƙon abu yakan zo da kalmominsa, Hausa kuma tana karɓarsu ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce aro tare da hausantarwa, kamar batir da caji da mita da sola da janareta da balas, har da ita kanta haya, waɗanda aka aro daga Ingilishi, da ijara da murabaha daga Larabci. Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar kalmar gida. "Wuta" a asali ta murhu ce, yanzu ta haɗa da lantarki, "faranti" na cin abinci ne, yanzu ana kafa shi a kan rufi. Abin sha'awa shi ne ana cewa mota tana shan mai, amma na'ura tana cin wuta. Ta uku ita ce ƙirƙirar harɗaɗɗen suna, kamar a-kori-kura, ƙaramar motar kaya da ta ture kurar da ake turawa da hannu, da a-daidaita-sahu. Sunan "mota mai amfani da lantarki" siffantawa ce mai tsawo, kuma bisa al'adar harshe baki zai gajarta shi, ko jama'a su laƙaba mata wani suna nasu.

7.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa zaɓi tsakanin saye da haya tsohon al'amari ne a sufurin Hausawa, kuma ma'auninsa bai sauya ba tun zamanin jaki: yawan bukata, da abin da za a ciyar da abin hawa, da wanda zai ɗauki asara idan ya tsufa. A motar lantarki wuta ce ta maye gurbin harawa, batir kuma shi ne abin da ke tsufa. Don haka duk wanda zai shiga wannan ciniki a Dawakin Kudu ko Kura ko Bunkure, kafin ya yi tayi ya fara sanin inda zai sami caji, da kuma wanda yarjejeniya ta ɗora wa nauyin batir. A babi na gaba za a tattauna a kan hanyoyin sadarwa na gargajiya da na zamani.

Tambayoyi

1. Yi bayanin yadda Hausawa ke hayar dabbobin sufuri kafin zuwan mota.
2. Bambance tsakanin haya ta ƙayyadadden lokaci da haya mai ƙarewa da mallaka, tare da misalai daga garinku.
3. Me ya sa batir ya zama ginshiƙin ciniki a motar lantarki?
4. Sake yin lissafin da ke 7.5 da farashin fetur da na wuta a garinku a yau. Wane sakamako aka samu?
5. Kawo sunaye goma na abubuwan hawa a Hausa, sannan a nuna hanyar da aka bi wajen samar da kowanne.
6. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙungiyar manoman yankinku a kan dacewa ko rashin dacewar kafa rumfar caji mai aiki da hasken rana.